Kujera ta Goma Sha Biyu

Shekara talatin da huɗu Visesio yana buga tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a ƙofar coci a madadin ƙararrawa, safe da yamma, yana kiran mutanen ƙauye addu'a. In azumin kwana arba'in ya kama, aikinsa ninkuwa yake. Shi ke ƙona ganyen kwakwa a sami tokar shafa wa goshi, shi ke ɗaukar gicciye kowace Jumma'a, jama'a na binsa da fararen kaya suna jan carbi. Amma a Samoa, namijin da dangi ba su naɗa wa sarauta ba ɗan aike ne, ko da kansa ya yi fari fat. Sarautar gidansu ƙanensa aka ba, wai shi ne ya yi boko. In ana taro, Visesio a gindin ginshiƙin baya yake zama, sai manya sun ƙoshi ya ci.

Abu ɗaya yake so, kuma matarsa Akenese kaɗai ta sani: a sa shi cikin mutum goma sha biyun da Fada ke wanke wa ƙafa ranar Alhamis Mai Tsarki. Kowace shekara masu sarauta ke cika kujerun, har da waɗanda ba a ganin ƙeyarsu a coci sai ranar. Bana kuwa ciwon suga ya cinye masa ƙafar dama, likita ya ce bayan Ista za a yanke ta daga gwiwa. Ya ce wa Akenese ƙafar nan ta yi wa coci bauta, yana so a wanke ta kafin su rabu.

A mako na huɗu na azumi, wajen nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, aka karanta labarin manzon nan da ya janye ƙafarsa don kada Ubangijinsa ya taɓa ta. Sabon Fada, wani bature mai suna Dermot, ya tambayi abin da aka fahimta. Manya suka yi ta zuba jawabi kan tawali'u. Sai Akenese ta yi magana daga can baya.

"Fada, ni tambaya gare ni. Ƙafar masu sarauta ce kaɗai ke yin datti?"

Ran Lahadi Fada ya karanta sunaye, na Visesio ne na ƙarshe, an cire na Kalolo, shugaban kwamitin coci. Da aka fito Kalolo ya yi masa murmushin da bai wuce leɓe ba.

"To, Visesio, an zama manya. A dai kankare kaushin nan, kada a yanke wa Fada hannu."

Ranar ta zo. Akenese ta goge masa farar riga, ta sake masa bandeji. Ya hau kujera ta goma sha biyu. Fada ya taho da rarrafe, yana zuba ruwa yana gogewa, har ya iso gabansa.

Visesio ya duba ƙasa, ya ga tsakiyar kan Fada, sanƙo da gumi, daidai gwiwarsa. Shi da tun yana ƙarami uwarsa ke make shi in ya tsaya a kan babba yana zaune. Shi da bai taɓa gifta Fada ba sai a sunkuye. Kafin ya yi tunani ya sulale daga kujerar, ya zube a tabarma, goshinsa na taɓa ƙasa.

"Baba, hau kujera mana," in ji Fada a hankali.

"Sai ka tashi tukuna, ranka ya daɗe."

"In na tashi, yaya zan wanke?"

"Kana ƙasa, ni ina sama? Ba zan iya ba."

Wani ya yi dariya a baya. Fada ya zaci kunyar gyambon yake ji, ya dafa kafaɗarsa ya ƙyale shi, don kada ya ƙara tozarta shi. Mawaƙa sun kusa ƙare waƙa, kujera kuma ba a barinta babu kowa. Kalolo ya tako a nitse, ya tuɓe takalmi, ya zauna. Visesio na durƙushe a gefe aka wanke wa Kalolo ƙafafu tas.

A hanyar gida Akenese ta yi ta faɗa tana kuka. "Na ci fuskar manya gaban jama'a saboda kai, mutumin nan. An ba ka kujera, ka zaɓi ƙasa."

"Ba ni na sauka ba, Akenese. Jikin ne."

Baƙin cikin ya fi ciwon cinsa, don babu wanda zai ɗora wa laifin hana shi.

Mako guda bayan Ista aka yanke ƙafar. Akenese ta karɓo ta a naɗe cikin tabarma, aka binne ta a ƙofar gida kusa da kabarin iyayensa. Da aka sallamo shi, Fada ya zo dubiya, an riga an fahimtar da shi abin da ya faru.

"Baɗi kujerarka na nan, Baba. Ni da kaina zan riƙe ka a kai."

Visesio ya daɗe yana kallon sabuwar ƙasar da ke ƙofar gida.

"A bar wa Kalolo, Fada. Wadda nake so ka wanke tana can. Akenese ta wanke ta a bahon wanki kafin su rufe."