Kyanwar da Goggo ta Taho da Ita

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata Laraba, na buɗe akwatin littattafaina na tarar kyanwar Goggo ta haihu a kan littafin da nake kwafe darasin kimiyya. 'Ya'ya biyar. Haihuwarta ta uku ke nan a gidanmu.

Goggo yayar babana ce. Da ƙauyensu na wajen Sabuwa ya watse, ta iso mana da ƙullin kaya ɗaya da wannan kyanwa a cikin kwando. Awakinta da kajinta duk can suka tsaya. Ba ta cika magana da mu ba. Kyanwar take ba labarin gonar da ta baro.

A wajenmu ba a kashe kyanwa, ba a kuma sayar da ita. In sun yi yawa sai a zuba su a buhu, a ba direba ya sake su a wani gari ranar kasuwa. 'Ya'yan farko Ruwan Godiya aka kai su, na biyu Daudawa, kuma kowane karo Goggo takan yi kwanaki tana juya tuwo a kwano ba ta ci ba. Wannan karon Baba ya ce ya gaji da kashi a kan buhunan masara. Da an yaye su, har uwar za ta shiga buhun.

Na taɓa karantawa a littafin noma cewa akwai aikin da likita ke yi wa dabba ta daina haihuwa. Na rubuta takarda zuwa sashen dabbobi na ƙaramar hukuma, na sake kwafe ta sau uku saboda rubutuna na karkacewa.

Zuwan farko aka ce malamin dabbobin ya fita rigakafin shanu. Zuwa na biyu yana nan, amma makiyaya sun cika barandar da raguna, na zauna a ƙarshen benci har azahar, na koma gida da takardata. A na uku masinjan ofishin ya karanta ta a tsaye, ya yi dariya ya ce ko kyanwar ta fi matan garin haihuwa ne. Duk da haka ya saka ta a fayil. Kafin nan 'yan kyanwar sun buɗe ido, sun fara lasar kunu, Baba kuma ya fara tambayar wace mota ke zuwa Ƙanƙara.

Sai a zuwa na huɗu na tsaya gaban malamin, dattijo mai furfura a gemu. Ya ciro takardata daga fayil ya karanta har ƙasa, bai yi dariya ba. Ya ce namiji aikin minti biyar ne, in na kama mazurun da ke zuwa mata in kawo shi. Na ce mazuran sun kai huɗu, ta katanga suke shigowa, kuma ba su da mai su. Na tambaye shi, Malam, ita macen fa?

Ya ninke takardar ya miƙo mini.

"Ɗiyata, mace sai an buɗe ciki, mu kuwa ba mu da allurar barci, ba mu da zaren ɗinki. Ba zan sa ki yi ta zarya ba. Ki koma ki shaida ma Goggonki tun kafin a ɗauko buhun."