Abokin Tseren Ayobami

Ayobami ɗan wani mai sayar da taya ne, haifaffen Funtuwa. Samari sun san shi a wasan tseren motoci na waya. Motar da ya ce ita ce ta ɗaya, ba mai musu.

Wani baƙo da suke karawa a intanet ya riƙa tambayarsa motocin da suka fi gudu. Rannan da Ayobami ya jero masa uku, sai baƙon ya yi dariya, ya ce:

"To, jan babur ɗin da kake hawa zuwa gonarku ta Danja fa, shi ne na nawa?"

Ayobami bai taɓa gaya masa garinsu ba. Ya goge wasan, bai sake bin hanyar gonar ba. Gara ce ta cinye masararsu bana.