Labarin da Aka Kulle Mana

A Kucheri aka haife ni, a can na yi aure, a can na haihu, kuma tun ƙuruciya har furfura ta cika mini kai ban taɓa ganin wanda ya fara ba da labari ya tsaya a tsakiya ya miƙo hannu ba. Maroƙi ma sai ya sauke waƙarsa yake kallon aljihunka. Sai da zaman ƙauye ya gagara, ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a Gusau, sannan idona ya ga wannan rashin kunya.

A gidan akwai talabijin, akwai ɗan akwati a ƙarƙashinta da suke kira dikoda, akwai kuma wani faranti da aka kafa a saman kwano, ya ɗaga kai sama kamar kaza ta sha ruwa. Ni ba ruwana da su, sai wata rana da hantsi ina tsince shinkafa, matar ɗana ta ce, "Inna, juyo ki ga wata tsohuwa irinki."

Na juya. Wata ƙasa ce mai duwatsu da babban kogi, mutanenta masu dogon gashi, amma an sa musu Hausa a baki, suna yin ta kamar waɗanda suka haɗiyi ƙaya. Tsohuwar tana da ɗa guda, ya shiga jirgin ruwa neman abinci bai dawo ba. Kowa ya ce ya mutu. Ita kuwa kullum sai ta share ɗakinsa. Shinkafar da ban gama tsincewa ba ke nan ranar.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya. A Rawayya ta yi zaman aure, yanzu tana Bungudu gidan ɗiyarta, idanunta sun tafi sun bar ta. Nata ɗan ya bi motar shanu zuwa kudu tun yana saurayi, har yau babu shi babu labarinsa. Ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma daina jira ba. Da na je gaishe ta, bakina da ba ya riƙe abu ya ba ta labarin tsohuwar nan. Sai na ji ta damƙe mini wuyan hannu.

"Auta, ya dawo?"

"Ba a kai wurin ba tukuna, Yaya."

"To ki kalla mini. Kada ki bar ko ɗaya."

Daga nan na zama 'yar aike. In kalla a Gusau, in ƙulle a kaina, in Juma'a ta zagayo in shiga mota a tasha in kai mata Bungudu da zafinsa. Direbobin har sun gane ni, suna cewa a bar wa Hajiya mai labari gefen taga. Yaya kuwa tana jin sallamata za ta gyara zama, ko gajiyar hanya ba ta bari in sauke.

Ana nan, ana nan, har aka kai inda wani masunci ya zo ya ce wa tsohuwar ya ga mai kama da ɗanta a wani tsibiri. Ta ɗaure kayanta, ta sa ƙafa a cikin jirgi. Washegari na yi wanka, na shimfiɗa tabarmata, aka kunna. Baƙi ƙirin. Sai wani rubutu, da hoton kwaɗo irin na ƙofar shago.

Na jira ɗana ya dawo daga kasuwa. Ɗan fari ne, ba na sakin baki da shi, amma ranar kunya ta ba ni wuri.

Ya ce, "Inna, masu tashar ƙofa biyu gare su. Akwai ta kyauta, akwai ta kuɗi. An ɗanɗana miki ne, yanzu sun mayar da shi ta kuɗi."

Na ce, "Ɗanɗano? Mai ƙosai ɗaya take miƙo maka ka ji gishiri. Ba ta zaunar da kai ka wanke hannu, ka ci rabin kwano, sannan ta janye."

"Sana'a ce, Inna."

"Sana'ar wa? Ubansu ya koya musu?"

Ya yi dariya. Allah ya yi masa albarka, ya danna waya ya biya. Kwaɗo ya buɗe. Me za mu gani? Wasu ƙarti ne daga su sai ɗan kamfai, suna ɗaga juna suna makawa da ƙasa. Muka jira har rana ta karkata, babu tsohuwa babu jirgi. Ɗana ya kira masu tashar. Wata yarinya mai zaƙin murya ta yi ta ba shi haƙuri, ta ce ci gaban labarin ba na ƙasarmu ba ne, na wasu ƙasashe ne, mu abin da aka ware mana ke nan.

Na ce ya ba ni wayar. Na ce, "Ɗiyata, farkon labari namu ne, ƙarshensa na wasu? A gidanku haka ake raba tuwo, a ba wani loma a ba wani haɗiya?" Ta ce tana godiya da kirana. Godiya! Na miƙa masa abarsa kafin bakina ya jawo mini zunubi.

Juma'ar nan na je Bungudu hannu rabbana. Yaya ta saurare ni har na gama masifata, sannan ta ce, "Ke da kika hana mu barci da tatsuniya tun muna kan gado ɗaya, ki ƙarasa shi mana."

Na ce ba zan iya ba. Tatsuniya tawa ce, in kashe wanda na ga dama, in raya wanda na ga dama, kowa ya san wasa ne. Wannan kuwa aike ne, kuma na san abin da take tambaya ba ɗan tsohuwar waccan ƙasa ba ne. Ta juya fuska bango. Juma'ar da ta biyo baya ma haka. Ɗiyarta ta raka ni bakin titi ta ce, "Inna, kullum sai ta tambaye ni ko an buɗe."

Sai aka kawo mana mai kafa faranti, wani siriri mai jakar ƙarafa. Ya ce masu tashar nan da suka kulle mana, su ne dai ke watsa wa ƙasashen Larabawa labarin kyauta, in za a juya farantin ya kalli gabas. Kyauta! Masu arzikin a ba su kyauta, mu a tatse mu, a kuma hana mu. Ya ce amma tashar ƙwallon da ɗana ke kallo za ta ɓace. Ɗana ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce a juya.

To namiji ba ya hawa saman kwano a unguwa sai an sanar, don gidajen maƙwabta a buɗe suke ta sama. Matar ɗana ta bi gida gida, mata suka ja mayafi suka shige ɗaka. Ya hau, ya juya, ya sauko, babu komai. Aka ce mata su fito. Ya ce ya tuna, saura kaɗan. Aka sake bin gida gida. Da aka zo na uku, Hajiyar da muke katanga ɗaya ta ɗaga murya.

"Wai wanga bawan Allah sama zai tare? Daddawata na rana, kaji sun gama da ita!"

Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, aiken makauniya ne."

"To a ɗaure shi can sama har ya gama, mu san matsayinmu!"

Da ƙyar hoto ya zo. Ga tsohuwata, na gane ta. Amma an cire mata Hausa an sa mata Larabci, kuma su can sun yi nisa, sun kai ƙarshen ƙarshe. Duk abin da ya faru a tsibirin nan ya wuce mu. Ɗana ya yi karatu gwargwado, ya kasa kunne, ya kasa kunne, ya ce wannan ba Larabcin littafi ba ne, ban da sallama bai tsinci komai ba. Muka zuba ido kamar kurame. Mutane cike da gida. Mata na kuka, wasu na rungume juna. Tsohuwa sanye da fararen kaya, wani mutum mai gemu ya durƙusa gabanta, ta dafa kansa. Ɗan ne gemu ya fito masa? Masuncin ne? Ƙanen mijinta ne? Sai rubutu ya yi ta hawa sama, aka shiga tallar sabulu.

Matar ɗana ta ce ita dai ta ji ana cewa a waccan ƙasa fari kayan takaba ne. Na ce wa ya gaya mata? Ta ce haka ake faɗa.

Na shiga mota ban san abin da na ɗauko ba. Na zauna gaban Yaya na zayyana mata abin da idona ya gani, ban ƙara ba, ban rage ba, har maganar fararen kaya.

Ta ce, "An yi guɗa?"

"Ba su iya guɗa ba."

"Maza sun yi shimfiɗa ƙofar gida?"

"Kan kujeru suke zama, maza da mata a cakuɗe."

"Allah ya shirya. Abinci fa? An ci?"

"An ci. Ga manyan tukwane nan a tsakar gida, wuta na ci, mata na juyawa."

Ta ɗago kai. "Tsakar gidan wa?"

"Gidan tsohuwar."

"Kin tabbata? Ba shigowa aka yi da shi a kwanuka ba?"

"Da idona na ga hayaƙi."

Sai ta saki numfashi, ta jingina da bango. Ta ce, "Ke Auta har yau ba ki da wayo. Yaushe aka taɓa hura wuta a gidan mutuwa? Maƙwabta ke kawowa. In a gidanta aka ɗora tukunya, to ya dawo."

Na buɗe baki in ce mutanen da ke cakuɗa maza da mata ba lallai su san wannan ba, sai na rufe. Ni ban sani ba, har yau ban sani ba, kuma waɗanda suka sani suna can wata ƙasa suna raba wa duniya labari gutsure gutsure, ban yafe musu wahalar da suka ba mu ba. Ita kuwa tuni ta ƙwala wa ɗiyarta kira, wai a dama mini fura, na sha hanya.