Tif da Bawul na Jitar Baba

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Ko ka rufe mini ido ka miƙo mini yadi, da yatsa zan gaya maka na gaske ne ko jabu. Amma abin da ya shafi wayar wuta, ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidana sai na kira wani. Har yau ban san dalilin da ya sa Baba ya zaɓe ni ba.

Baba maƙwabcina ne a Rijiyar Lemo. Bayerabe ne, amma a Fagge aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa fita. Da ƙuruciya ya kaɗa jita a wuraren biki na Sabon Gari, daga baya ya ajiye ya kama sayar da kwanuka. Autarsa ce za ta yi aure, ta roƙe shi abu ɗaya: ranar walima ya kaɗa mata waƙar da yake kaɗa wa mahaifiyarta, wadda ta rasu tun tana goye. Ya amsa mata a gaban mutane. Sai aka jawo amfilifaya daga ƙarƙashin gado, wato akwatin da ake jona jita a jiki don ta yi ƙara. Aka goge ta, aka kunna. Ta yi shuuu, ta yi fito, kiɗa kuwa babu.

"Ɗana," in ji Baba, "na aika wa babban ɗana na Ikko saƙo, ya ce tif ne ya mutu. Mu a zamaninmu bawul muke cewa. Ka taimaka ka nemo mini, ƙafata ba ta kai ni kasuwa yanzu."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Tif da bawul, waye bai san inda ake samunsu a Kano ba? Washegari da hantsi na tsaya wajen mai faci kusa da tashar jirgin ƙasa, na ce ya ba ni tif mai kyau, da bawul ɗinsa.

"Na mashin ko na mota, Alhaji?"

"Na jita."

Ya ajiye tayar da ke hannunsa ya dube ni. "Jita kuma? Sabuwar mota ce?"

Na yi bayani, na ƙara bayani, ina yi ina jin maganar tawa ba ta da kai. A raina ina cewa wataƙila iska ake hura wa amfilifayar, tunda ga shi tana shuuu kamar taya ta yi faci. Mai facin ma ya yarda da wannan, har ya ce in kawo ta ya tsoma a ruwa ya ga inda take yoyo. Allah ya taimake ni ban kai ta ba. Na dai sayi tif ɗin keke, saboda shi ne ƙarami.

Da na kai wa Baba, ya yi dariya har sai da aka kawo masa ruwa. Ni kuwa haushi ya cika ni, don ban ga laifina ba. Abu ɗaya sunansa biyu, kuma duka biyun na taya ne, ina ni ina ganewa? Da ya gama dariya, ya sa na juya akwatin, ya nuna mini wasu 'yan kwalabe a tsaye a ciki. Biyu manya, uku ƙanana kamar babban yatsa. Ƙananan nan, in ji shi, su ne suke fara karɓar muryar jita kafin manyan su ɗaga ta.

Na ɗauki akwatin na kai Sabon Gari, wajen wani Ibo mai gyaran rediyo da aka kwatanta mini. Shi bai ce tif ba, bai ce bawul ba, kwalba yake cewa, na ji daɗin wannan. Ya kunna, ya jira kwalaben suka yi ja, ya ɗauki fensir yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Da ya taɓa ta farko, ta kusa da inda ake jona jita, lasifikar ta amsa da ƙarar da ta sa na toshe kunne. Ya kashe, ya zare waya daga bango. Na kai hannu zan taya shi, ya doke mini shi.

"Alhaji, kada ka taɓa! Ko an kashe, akwai wuta a ciki."

An kashe, an zare waya, amma akwai wuta. Na janye hannuna, kaina ya riga ya ɗaure.

Da kwalbar ta huce ya girgiza ta a hankali ya cire. Ƙafafunta sirara ne, a jere a zagaye, da giɓi a gefe ɗaya don kada a saka ta a karkace. Ya fito da wasu uku daga gwangwani: sabuwa fil, da tsohuwa da ya ciro daga wata rediyo, da wata wadda ya ce harafi ɗaya ne ya bambanta lambarta da sauran, amma ba ta kai su ƙarfi ba. Na ce ya saka wadda ta fi kyau. Ya ce babu wadda ta fi kyau, kowacce da muryarta, sai mai jitar ya zo ya zaɓa da kunnensa. Ni a idona duk kwalba ce.

Haka na koma na ɗauko Baba a A Daidaita Sahu, da jitarsa a cinya. Aka fara da marar ƙarfin. Ya kaɗa, yatsunsa na rawa amma suna zuwa inda ya aike su. Ya girgiza kai, ya ce muryar ta dushe. Aka jira ta huce, aka saka tsohuwar. Ya ce ita ma haka. Aka saka sabuwar, mai gyara ya murɗa ƙara har masu shagunan gefe suka leƙo. Baba ya ce, "Oga, ƙara mata. Kamar daga cikin rijiya take magana."

Na rasa abin da ke faruwa. Ni kunnena har zafi yake yi. Na fara zargin mai gyaran, shi kuma yana ta duba wayoyi yana ƙunƙuni da yarensu. Can sai ya tsaya. Ya zaga bayan Baba, ya ɗaga murya sosai ya ce, "Baba, in kawo maka kujera mai kyau?" Baba bai waiwaya ba. Ya sake faɗa. Baba yana ta gyara zaren jitarsa.

Sai a lokacin na gane. Duk zaman da muka yi da shi, in ina magana bakina yake kallo, ni kuwa na ɗauka tsabar nutsuwa ce irin ta manya. Muka dubi juna ni da mai gyara, babu wanda ya san ta inda zai fara.

Baba ne ya ɗago ya ga fuskokinmu. Ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, ya ja zare ɗaya, ya bar hannun a wurin har ƙarar ta mutu.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, kai kana jin ta?"

"Ina ji, Baba. Har bakin titi ana ji."

Ya ce, "To, a cikin ukun nan, wacce ta fi daɗi a kunnenka?"

Tsoro ya kama ni. Ni da na sayo tif ɗin keke, ni za a tambaya? Na ce tsohuwar, don ita ce ba ta soke mini kunne ba. Ya ce a mayar da ita, yarinyar ce za ta ji.

Ranar walima da la'asar ya zauna a tsakar gida ya kaɗa. Amarya ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Da ya gama, bai dubi masu tafi ba, ni ya yafito da hannu. Na durƙusa a gabansa, ya kafa wa bakina ido.

"Muryar ta fito yadda take a da?"

Ban taɓa jin waƙar ba sai ranar, kuma a duk gidan babu wanda ya san yadda take a da sai shi. Na buɗe baki sosai yadda zai gani, na ce, "Ta fito, Baba."