Telar da Ta Haɗiye Fil da Cikin Wata Biyar

Shekara goma sha ɗaya tana ɗinki a ɗan shagon da ke ƙarƙashin bene, kuma ba wanda ya taɓa ganin bakinta a rufe. Shi ya sa 'yan layin suke ce mata Rediyo. A hannun yayarta ta koyi keke, ta auri wani direban motar makaranta mai tsoron jini, ta haifa masa maza uku. Halinta ɗaya: sai ta jera fil a leɓe tana gwada wa mace riga, tana zuba mata labarin unguwa ta gefen baki.

Ranar da abin ya faru, cikinta na huɗu wata biyar. Matar da take gwada wa riga ta kwaikwayi tafiyar nata mijin, Rediyo ta ƙyalƙyale da dariya har da shaƙuwa. Da ta ƙirga fil ɗin bakinta sai ta ga huɗu. Biyar ta sa.

A asibiti likita ya ce za su zura siririn tiyo mai kyamara ta baki, su ciro shi tun yana tumbi.

Maigidanta ya dafe bango. "Likita, da cikin?"

"Da ba dole, da mun bari sai ta sauka," in ji likita. "Amma abu mai tsini ba ya jira. Watannin tsakiya kuwa su suka fi ƙarancin haɗari. Maganin barci kaɗan za mu ba ta, ta kwanta ta gefen hagu, likitar masu ciki tana kusa."

Uwar miji, wadda ta biyo su da takalmi wari da wari, ta matso. "Ɗan nan, tunda kyamarar za ta shiga, a leƙa mana. Mace ce ko namiji?"

"Mama, ba hanya ɗaya ba ce. Mu tumbi za mu, yaro yana mahaifa."

"Ciki ai ciki ne," ta ce.

Rediyo dai ta datse baki. Sai da nas ta ɗora mata na'ura a mara, ta ji bugun zuciyar ɗanta fat-fat-fat, sannan ta yarda ta buɗe baki. Kafin minti ashirin fil ya fito. Aka sake sauraron yaro, yana nan daram.

Da Rediyo ta wartsake, tsohuwa ta sunkuyo. "Me aka gani?"

Rediyo ta lumshe ido, murya a dishe. "Biyu ne, Mama. Da kunnuwanku fato-fato."

Ta ɗauka wasan zai ƙare a bakin ƙofar asibiti. Ina! Kafin la'asar dangi kaf sun ji. Tsohuwa ta hana ta wanki da shara, ta ɗora wa ɗanta. Sau biyu Rediyo ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta hango maigida a tsugune yana cuɗa wandunan yara, ta ce bari dai sai gobe.

Wata huɗu bayan nan ta haifi mace, lafiyayya, guda ɗaya tak. Tsohuwa ta iso da zanen goyo biyu, ta tare nas a ƙofa.

"Ina ɗayar?"

Kwana uku ba ta amsa gaisuwar Rediyo ba. Jaririyar kuwa ko ubanta sai ya roƙa kafin tsohuwa ta miƙa masa.