Koci Pettiford, Ka Tafi Ban Zo Ba

Inna lillahi, haka Daouda, tsohon abokin wasana, ya fara da na ɗaga waya, shi Musulmi ni Kirista, kuma ban sami abin da ya fi wannan dacewa ba. Ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2025, Koci Fredrick Pettiford ya rasu a asibiti a nan Greensboro ta ƙasar Amurka yana da shekara saba'in da huɗu.

Koci, shekara talatin da ɗaya ka yi kana horar da 'yan ƙwallon Amurka a makarantarmu ta sakandare da ke East Greensboro. Kofin jiha huɗu ka ɗauko. Wanda bai taɓa shiga hannunka ba zai ce sa'a ce. Mu da muka yi gudu cikin zafin Agusta har muka yi amai mun san ba sa'a ba ce. In mutum ɗaya ya makara da minti guda, dukanmu za mu zagaye fili. In makin ɗalibi ya faɗi, ko shi ne gwanin gwanaye, benci zai ɗumama.

Na zo daga Zonkwa ina da shekara goma sha biyar, ban san ko yadda ake riƙe ƙwallon ba. Kai ka koya mini. Da azumi ya kama Daouda a tsakiyar kakar wasa, ba ka rage masa atisaye ba, amma kullum da dabino a aljihunka, kana duban agogo saboda shi.

Sai wasan ƙarshe na 2008. Aka buge ni a ka, na tashi ina ganin fili biyu. Ka tambaye ni wane gari muke, na kasa faɗa. Masu zaɓen 'yan wasa daga jami'o'i suna zaune, ni suka zo kallo. Na roƙe ka har da hawaye. Ka ƙwace kwalkwalina ka zauna a kai.

"Malachy," ka ce, "uwarka da kai lafiyayye ta kawo mini kai. Haka zan mayar mata."

Aka cinye mu. Ba jami'ar da ta neme ni. A gaban kowa na ce ka kashe mini rayuwa, na fita. Shekara goma sha shida kana aiko saƙo duk Kirsimeti, ban amsa ko ɗaya ba. Na daɗe da gane gaskiyarka, tun ranar da na ga wani tsohon ɗan wasa bai gane 'yarsa ba saboda bugun da ya sha a ka. Kunya ce ta ɗaure ni, da girman kai.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarka Daouda ya ce, "Koci na tambayarka, jikin ya yi tsanani." Na ce sai Asabar, akwai aiki.

Yanzu ina zan kai wannan magana? Na je gidan, na tsaya gaban matarka Mama Rachael. Ita ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri. Ban san ko ka yafe mini ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutun da ba ka taɓa ba kanka ba. Mama Rachael, da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ƙarfafa zukatanku. Ni kuma ku sa ni cikin addu'a, don har yau ban iya yi wa kaina ba.