Ƙunar Yaya Sule da ta ƙi jin allura

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai ni da yayana Sule muna cikin sito a Sabo, unguwar Hausawa a can Kudu, muna jera goro a ganyen fita. Shi yana ɗaure huhu, ni ina yayyafa ruwa. Maigidanmu ya ƙi shiga jam'iyyar da ake matsa wa kowa ya shiga, an kuma aiko masa da gargaɗi sau biyu.

Ƙarfe tara muka ji usur, sai gudu a lungu. 'Yan banga ne, wasunsu na san iyayensu.

"Ku fito! Ku fito!"

Ba su jira ba. Warin kananzir ya riga wutar shigowa. Kwanon rufi ya fara ƙara kamar ana jifansa. Na bi ta taga. Yaya ya bi ta ƙofa, rigarsa tana ci.

Na kashe ta da buhu jiƙaƙƙe, na ɗora shi a amalanke, na tura zuwa unguwar Mokola. Duwatsu suna bin mu. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta ja mu bayan shagonta, ta rufe mu da zannuwa har azahar. Ɗanta direba ya kai mu asibiti.

Likitoci suka fara yi masa allurar fenisilin, wadda ake cewa ba ciwon da ke gagararta. Kwana huɗu yana shan koko, har yana tsokanata. Ran na biyar zazzaɓi ya rufe shi. Bandejin bayansa ya jiƙe da mugunya. Aka ƙara yawan allurar. Aka canza wata. Likita ya ce ƙwayoyin cutar da suka shiga ƙunar sun saba da maganin, ba ya kashe su.

Daga jam'iyyar aka aiko mini in ce fitila ce ta faɗi, in koma Kano a rufe magana. Na gaya wa Yaya. Da ƙyar ya ɗaga kai.

"Kada ka je ko'ina, Audu. Faɗi sunayensu."

Na faɗa, ɗaya bayan ɗaya, a gaban alƙali. An ɗaure uku. Sauran har yau muna haɗuwa a masallaci, ni ba na sunkuyar da kai.

Yaya ya yi kwana goma sha tara. Ya cika ranar Lahadi da hantsi. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da cikin wata shida.